Mota a Lokacin Tsananin Sanyi: Taya da Batir da Sanin Abin Yi a Gefen Titi Sun Fi Kujera Mai Ɗumi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wani al'amari da ake yawan yi wa gurguwar fahimta, wato kayan da ake sanya wa motoci saboda tsananin sanyi, da kuma abin da ya kamata direba ya yi idan mota ta tsaya masa a hanya. Duk mai bin tallace-tallacen motoci zai lura cewa abin da ake kwarzantawa shi ne kujera mai ɗumi da sitiyari mai ɗumi da na'urar da ke ta da injin tun mutum yana cikin ɗaki. Ba na raina waɗannan abubuwa, domin yatsun da sanyi ya ƙandarar ba sa riƙe sitiyari yadda ya kamata. Sai dai a ganina an ba su matsayin da ba nasu ba, har mutum ya sayi mota cike da maɓallai ya ɗauka ya gama shiri, alhali abubuwan da rayuwarsa ta rataya a kansu, wato taya da batir da sanin abin yi a mintoci goma na farko bayan mota ta tsaya, bai ko waiwaye su ba.

Da taya zan fara, kuma a nan zan ɗan daɗe, saboda komai ƙarfin injin da yawan na'urori, wurin da mota take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba. Robar tayar da aka yi domin lokacin zafi tana fara tauri da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, kuma robar da ta yi tauri ba ta kama kwalta, sai dai ta zame a kanta. Tayar hunturu kuwa an haɗa robarta ta yadda za ta zauna da laushi a cikin sanyi, sannan an yi mata ƙananan tsage-tsage masu yawa da ke cizon ƙanƙara, kuma ana gane ta da hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa, wanda ake bugawa a gefenta. Shi ya sa lardin Kwibek na Kanada ya wajabta sanya ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris na kowace shekara, ita kuwa Jamus ba ta sa rana ba, amma ta haramta hawa titi mai ƙanƙara ba tare da ita ba. Akwai masu neman sauƙi da ke sanya guda biyu a gaba kawai su bar na baya yadda suke. Wannan dabara ta fi rashin sanyawar haɗari a wajen kwana, domin gaban motar zai kama ƙasa, bayanta kuwa ya sulale ya juyo da ita. Tayar da ta suɗe ma ba ta da wani amfani ko da ta hunturu ce. Dokar ƙasashen Turai ta tsaya a zurfin milimita 1.6, amma masana taya sun fi son a sauya ta hunturu tun tana wajen milimita 4. Haka nan iskar cikin taya tana raguwa da kanta idan gari ya yi sanyi, kusan psi ɗaya, wato awon da ake auna iskar taya da shi, a duk digiri biyar zuwa shida da aka sauka, don haka tayar da aka cika daidai a ƙarshen lokacin zafi za a iske ta ta yi ƙasa a tsakiyar hunturu ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba.

Daga nan sai ruɗin da ya fi kowanne kai mutane rami, wato motar da injin ke juya tayoyinta huɗu gaba ɗaya. Gaskiya ne irin wannan mota ta fi saurin tashi daga inda ta tsaya, kuma ta fi iya hawan tudu mai santsi. Amma wajen tsayawa ba ta fi kowace mota ba, domin dukkan motoci da tayoyi huɗu suke taka birki. Abin da ke faruwa shi ne direba ya ji motar ta tashi lafiya lau ba tare da ta zame ba, sai ya ɗauka titin ba shi da santsi, ya ƙara wuta, har sai lokacin da ya nemi birki. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa tazarar tsayawa tana ninkawa biyu a jiƙaƙƙen titi, a kan ƙanƙara kuwa tana iya ninkawa har sau goma. Mafi sharri shi ne siririyar ƙanƙarar nan da ke shimfiɗa a kan kwalta ba a ganinta, sai mutum ya ɗauka jiƙewa ce kawai. Ta fi samuwa a kan gada, saboda iska mai sanyi tana bugun gada ta sama da ta ƙasa, ta daskare tun sauran titin bai daskare ba.

Na'urar ABS, wadda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita kasuwa a 1978, aikinta shi ne hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, domin direba ya ci gaba da iya karkata sitiyari. Wanda bai taɓa jin ta tana aiki ba yakan firgita a karon farko, saboda birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafa yana wata ƙara kamar wani abu ya karye, sai ya ɗage ƙafarsa a daidai lokacin da ya kamata ya ƙara dannawa. Wannan karkarwar ita ce alamar na'urar tana aiki, kuma ya fi kyau mutum ya gwada ta sau ɗaya a fili mai faɗi inda babu kowa, maimakon ya fara saninta a bayan wata babbar mota. Ita kuwa na'urar ESC, da ke kama birkin taya ɗaya-ɗaya idan ta ji mota ta fara sulalewa, an wajabta ta a sababbin motocin Amurka tun daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma tun Nuwamban 2014. Na yarda ta ceci rayuka da dama. Amma dukkan waɗannan na'urori suna aiki ne da ɗan riƙon da taya ta samu a ƙasa, ba sa ƙirƙiro riƙon da babu shi.

Batir shi ne abin da ya fi yawan barin mutane a tsaye da sanyin safiya, kuma dalilin bai da wuyar ganewa. Sanyi yana rage ƙarfin da batir ke iya bayarwa, a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri injin yake buƙatar ƙarfi fiye da kullum kafin ya juya. A jikin batir akwai wata lamba da ake rubuta CCA a gefenta, wadda ke nuna yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Ita ya kamata mai saye ya duba ya gwada da abin da littafin motar ya ce. Batirin da ya haura shekara huɗu yana iya aiki lafiya duk tsawon lokacin zafi, ya mutu a daren sanyi na farko, don haka auna shi kafin hunturu ya shigo ba ɓarnar lokaci ba ne. Baƙin mai kuma, lambar da ke gaban harafin W a jikin galan ita ke nuna yadda yake gudana a sanyi, 0W da 5W sun fi 15W saurin kai wa ga sassan injin. Ruwan lagireto ba a zuba shi zalla, domin ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, wanda ya isa ya tsaga lagireto ko ma jikin injin. Idan aka gauraya shi rabi da rabi da ruwan hana daskarewa, sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili kafin ya daskare. A kula dai, wannan ruwa guba ne mai zaƙi-zaƙi, a nisanta shi da yara da dabbobi. Masu motar dizal su san cewa man yana yin kauri ya toshe matata a tsananin sanyi, shi ya sa ake sayar da na hunturu daban. Masu motar lantarki kuma su sa a ransu cewa nisan da cajinsu zai kai yana raguwa sosai, musamman idan hita tana kunne.

Batun gilashi gajere ne. Idan ya yi raɓa ta ciki, a kunna na'urar sanyaya iska tare da hita, domin ita ke tsane laimar da ke cikin iskar, kuma a kashe maɓallin da ke juya iskar cikin mota. Kada a watsa ruwan zafi a gilashin da ya daskare, yana iya tsagewa nan take. Kuma a kankare shi gaba ɗaya tare da fitilu da rufin motar, ba a buɗe 'yar kafa a gaban direba a kama hanya ba.

To, ranka ya daɗe, duk wannan shiri ne na kafin tafiya. Inda na fi son masu karatu su ba ni hankalinsu shi ne lokacin da mota ta riga ta lalace a babbar hanya, domin a wannan lokacin mutane sukan sa ido a kan motar, alhali babban haɗarin yana tahowa ne daga baya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wanda ya durƙusa yana kwance noti a ɓangaren da motoci ke wucewa ya miƙa ransa ga direban da bai sani ba, wanda wataƙila yana gyangyaɗi ko yana duba waya, ko kuma ya gan shi sarai amma ƙanƙara ta hana shi tsayawa. Saboda haka da zarar direba ya ji alamar matsala, ya kunna fitilun gargaɗi, ya yi amfani da sauran gudun da ya rage ya gangara gefe iyakar iyawa, nesa da kwana da kan tudu da gada. Idan taya ce ta fashe, kada ya danna birki da ƙarfi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ɗage ƙafa daga totur a hankali har motar ta lafa. Gara ya ci gaba da jan fasasshiyar taya na wasu mitoci ya lalata ta, da ya tsaya a wurin da ba za a hango shi ba. Bayan ya tsaya ya ja birkin hannu, kowa ya fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, a haye bayan shingen ƙarfe idan akwai, kuma kada a tsaya a gaban motar ko tsakaninta da wata, domin idan aka buge ta daga baya, gaba za ta yi. Idan kuwa motar ta mutu a tsakiyar titi babu halin fita lafiya, a zauna da bel a ɗaure, fitilun gargaɗi a kunne, a kira masu agaji nan take.

Alamar gargaɗi mai kusurwa uku tana da amfani ne kawai idan an ajiye ta da nisa. Sau da yawa sai ka ga an dasa ta taku uku daga bayan mota, inda mai tahowa zai ga motar ma kafin ya gan ta. Birtaniya ta ce a ajiye ta aƙalla mita 45 a baya, kuma ta hana amfani da ita a manyan hanyoyin gudu, saboda takawa zuwa ajiye ta kaɗai haɗari ne. Ko mita 45 ɗin ma, ga mai gudun kilomita 100, bai cika daƙiƙa biyu ba. Faransa ta wajabta ajiye riga mai ƙyalli a cikin mota tun 2008, kuma hikimar ita ce ta kasance inda hannu zai kai, a sa ta kafin a buɗe ƙofa, domin rigar da ke ƙasan kaya a cikin but ba ta kare wanda ya fita neman ta. Sifaniya ma ta yanke shawarar maye gurbin alamar da wata fitila mai walƙiya da ake ɗorawa a rufin mota ta taga, daga 1 ga Janairun 2026, don kada direba ya taka titi sam. A ganina wannan tunani ya dace, ko da yake fitila ba ta ɗauke wa mutum wajibcin matsawa daga inda za a iya buge shi.

Idan wurin ya ba da damar sauya taya, a sassauta notuna tun motar tana ƙasa, a kafa jak a tauraren wuri daidai inda littafin motar ya nuna, domin jak yana zamewa a kan ƙanƙara, kuma kada wani sashe na jiki ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Siririyar safayar nan ta wucin gadi galibi ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Idan kuwa batir ne ya mutu aka samu mai taimako da wayoyin jona wuta, akwai tsari. Jar waya ta fara kama kan batirin da ya mutu mai alamar tarawa, ɗaya bakin nata ya kama irin wannan kan a lafiyayyen batir. Sannan baƙar waya ta kama kan lafiyayyen batir mai alamar ɗebewa, bakinta na ƙarshe kuma a maƙala shi a wani ƙarfe marar fenti a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batirin. Dalilin wannan na ƙarshe shi ne batir yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, kuma a jonin ƙarshe ne tartsatsi ke tashi. Batirin da ya kumbura ko ya daskare kuwa ba a jona masa wuta ko kaɗan, yana iya fashewa. Haka nan ko gari ya kai yaya sanyi, ba a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi.

Sai dai akwai yanayi guda da shawarar fita daga mota take juyewa, kuma rashin bambance shi ya halaka mutane. Idan guguwar dusar ƙanƙara ce ta rufe hanya, motoci duk sun tsaya cak, babu gini a kusa da ido ke gani, to motar ita ce mafaka, kuma wanda ya fita da ƙafa neman taimako yana iya ɓacewa a 'yan mitoci kaɗan. Masu ceto ma sun fi saurin gano mota a kan gano mutum. Amma zaman cikin motar yana da nasa tarkon. A Janairun 2022 fiye da mutum 20, ciki har da yara, suka rasu a cikin motocinsu a garin Murree na Pakistan, bayan dusar ƙanƙara ta rufe su da dare sun je yawon buɗe ido, wasu sanyi ya kashe su, wasu kuma hayaƙin motocinsu. Yadda abin ke faruwa shi ne dusar ta taru ta toshe bakin salansa, mutane suna ciki sun rufe tagogi ruf sun kunna hita, hayaƙin da ya rasa mafita sai ya bi ta ƙarƙashin mota ya shigo. Iskar kabon monoksaid da ke cikinsa ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar shaƙa sau ɗari biyu da ɗoriya. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, ya ɗauka gajiya ce. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. Abin da hukumomin agaji ke ba da shawara shi ne a fita a share bakin salansa kafin a ta da injin, a bar shi ya yi kamar minti goma a kowace awa, a sassauta taga kaɗan ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, kuma idan mutane suna da yawa a yi barci bi da bi, wani yana farke yana lura da sauran.

Wannan ne ya sa ake cewa kada tanki ya sauka ƙasa da rabi a lokacin hunturu. A wannan wata na Janairun 2022 ɗin, dusar ƙanƙara ta tsare matafiya a babbar hanyar I-95 a jihar Bajiniya ta Amurka, wasunsu fiye da awa 24, kuma a irin wannan dare man da ke tanki shi ne ɗumin da mutum yake da shi. Zafin jikin ɗan Adam idan ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, alamunsa kuwa su ne karkarwa da sarƙewar harshe da ruɗewa, kuma idan karkarwar ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, abin ya ƙara muni ne. A cire jiƙaƙƙun tufafi, a rufe kai da hannuwa, a matsu da juna. Barasa ba ta maganin sanyi, tana buɗe jijiyoyin fata ne zafin jiki ya ƙara fita. Bargo da tocila da ƙaramin shebur da ruwan sha da abin cajin waya ba sa cin wuri, kuma bargon da tocilar ya fi kyau su kasance a cikin motar kusa da kujera, saboda murfin but yana iya daskarewa ya ƙi buɗuwa.

Abu na ƙarshe shi ne kiran agaji. Tun 31 ga Maris na 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuran motoci na'urar da ke kiran lambar agajin gaggawa ta 112 da kanta idan an yi mummunan karo, ta kuma aika da inda motar take. Amma wannan na'ura an yi ta ne domin haɗari, mutuwar batir ko fashewar taya ba sa tayar da ita, sannan miliyoyin motocin da ke kan titi ba su da ita. Don haka direba ya riƙa lura da allunan hanya da lambar mahaɗar da ya wuce ta ƙarshe da kuma ɓangaren da ya dosa, domin tambayar farko da mai janwe ko jami'in agaji zai yi masa ita ce yana ina. Sanyi yana zuƙe cajin waya da sauri, saboda haka a ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, a fara kiran masu agaji a faɗa musu wurin da yawan mutanen da ke cikin motar da ko akwai yaro ko marar lafiya, sannan a sanar da iyali da gajeren saƙo a adana sauran cajin.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka a kullum